Wata Huɗu da Ɗalibar Kiɗa a Ɗakina

A Akra ba mu san kaka ba sai a bakin tsofaffi. Marigayi kakanmu, wanda fataucin goro ya sauko da shi daga ƙasar Hausa har ya zauna a Kumasi, yakan ce kaka ce lokacin da talaka ke tafiya kamar ɗan sarki: hatsi ya shiga rumbu, aljihu ya yi nauyi, a ɗaura auren da aka yi ta ɗagawa tun bazara, 'yan dambe da 'yan kokawa su bazu gari-gari, makaɗa kuwa ba sa kwana a gida. Mu nan bakin teku, watannin Satumba, Oktoba da Nuwamba ƙaramar damina ce, yau yayyafi gobe rana, gumi kuma kullum, har hunturu ya leƙo cikin Disamba ya tsattsage wa kowa leɓe. Ba ma girbe komai. Sai mun ga sabuwar doya ta cika kasuwar Madina muke sanin wani ya yi girbi a arewa.

A 2019 dai na zauna ɗaki guda da wadda watannin nan suka zame wa kaka sosai, irin wadda komai ke nuna lokaci ɗaya, kowane aiki yana cewa ni za a fara ɗauka. Ƙanwata ce, autarmu, tana shekara ta uku a sashen kiɗa na Jami'ar Gana da ke Legon, tana haɗawa da nazarin harsuna. A lokacin korona ba ta zo ta birkita jadawalin makarantu ba, zangon karatu na farko yana farawa cikin Agusta ya ƙare cikin Disamba. Ni ina haya a Madina, tsakanin Madina da Legon kuwa tafiyar 'yan mintoci ce idan hanya ta yi kyau, sai aka ga babu dalilin biyan kuɗin ɗakin kwana a makaranta alhali ga yayarta mace a kusa. Aka ƙaro katifa ɗaya, na matsar da akwatunana, shi ke nan.

Kafin in shiga yadda take yini, sai na faɗi abin da ke rataye a kan wannan zangon karatu, don kada mai karatu ya ɗauka labarin yarinya mai son karatu ne kawai. Baba bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa buɗe baki ya ce ya ji daɗi ba. Ranar da takardar shiga jami'a ta zo, abin da ya ce shi ne, "Zan biya, amma malamar makaranta za ki zama, ba zabiya ba." Baffa, yayan Baba, shi bai ɓoye nasa ba. Ya ce tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa yin maroƙi a cikinsa ba, bai ga abin da zai sa a fara da mace ba, har kuma a biya kuɗi a kai. Duk Bahaushe ya san inda maganar ta fito. Kiɗa a wurinmu gado ne. Muna son makaɗi, biki ba ya cika sai da shi, muna yi masa liƙi har mu rasa kuɗin motar komawa gida, amma ranar da ɗansa ya zo neman aure sai a fara kame-kame. To a shekarar kasuwar goro ba ta yi wa Baba daɗi ba, ya aiko ta bakin Mma cewa zai duba sakamakon Disamba kafin ya san ko zai ci gaba da biya. Albashina na rediyo yana ɗaukar abinci da kuɗin mota, ba ya ɗaukar kuɗin makaranta. Auta ta san wannan lissafi kamar yadda na san shi, ba mu kuma taɓa zama mun yi maganarsa ba.

Ƙarfe huɗu na asuba wayata ke tashe ni, domin ni ke buɗe tasharmu da shirin safe. Kafin in gama shiri ta riga ta zauna gaban ɗan fiyanonta na lantarki, wanda muka saya na hannu. Maballansa 61 ne, fiyano na gaske kuwa 88 gare shi, saboda haka idan abin da take koyo ya wuce iyakar nata, sai yatsun su sauka kan tebur ta ci gaba da bugawa a katako kamar ba abin da ya faru. Da hedifon take yi, domin gidan haya ne, iyali bakwai tsakar gida ɗaya. Abin da nake ji kawai ƙwas-ƙwas na roba, hawa da sauka, hawa da sauka. Abin da zan kira tsanin sauti take bi: a fara daga ƙasa, a hau mataki-mataki, a sauko. Guda 24 ne, kowanne da yadda ake jera masa yatsu, hannu biyu a tare. A gefe wayarta tana ƙirga mata bugu a hankali. Takan fara da 60 a minti, wato bugu ɗaya kowace daƙiƙa. In ta yi sau uku a jere babu tuntuɓe ta ƙara huɗu, in ta yi tuntuɓe ta koma baya.

Wannan kam ba sai an yi mini bayani ba. Wanda ya yi aikin rediyo ya san nauyin daƙiƙa. Tallan da aka biya na daƙiƙa 30 ba ya zama 33, labarai ba sa jiran ka gama tari, shiru na daƙiƙa biyar a iska kuwa ya isa ya taso manaja daga ofis. Mu biyu agogo ke kiwonmu, sai dai nawa yana sakina da hantsi, nata ba ya sakinta sai barci ya ƙwace ta.

Fiyanon nan ba shi ne ainihin abin kiɗanta ba, kayan aiki ne, kamar allo ga almajiri. Abin da za a yi mata jarrabawa a kai sarewa ce ta gora da ake kira atenteben, asalinta daga mutanen Kwahu, mai huda bakwai, shida a sama ɗaya a ƙasa. Ephraim Amu, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1995, shi ya gyara ta har ta iya ɗaukar rubutaccen kiɗa, yau kuma da wuya ka je jana'izar babban mutum a kudancin Gana ba ka ji kukanta ba. Sarewa ba ta da hedifon. Maƙwabcinmu na ɗakin kusa mai gadi ne, dare yake aiki ya dawo da safe ya kwanta, don haka a gida sarewar tana naɗe a cikin tsumma. Sai ta sayi koko da ƙosai a bakin hanya, wanda duk Gana ke kira kokon Hausa, ta shiga trotro, ƙananan motocin hayarmu, ta sauka a ƙofar jami'a, ta nemi gindin bishiya kafin a fara darasi. Wata rana na bi ta don ɗauko wata hira a jami'ar. Wajen sashensu, wanda ba shi da nisa da babbar ƙofa, da sassafe kamar kasuwar tsuntsaye yake: nan mai kakakin Turawa, can mai sarewa, wata tana ta hawa da sauka da murya ta fuskanci bango, kowa ya juya wa kowa baya, kowa yana maimaita guntun abu ɗaya. Ba wanda yake yin abin da za ka tsaya ka saurara. Duk guntaye ne, sai an haɗa.

Darasin da ya fi tayar wa 'yan ajinsu hankali shi ne na horon kunne. Malami zai buga ɗan gajeren kiɗa a fiyano sau biyu ko uku, su kuma su rubuta shi a kan layuka biyar ɗin nan, kowane ɗigo a mazauninsa, da tsawonsa. Akasarin 'yan ajin a coci suka tashi. Tun suna yara suna cikin mawaƙa, sun san do-re-mi kamar yadda muka san alif-ba, da yawansu kuma sun taɓa fiyano kafin su zo. Auta ba ta taɓa ganin rubutun kiɗa ba sai a sakandare. Abin da ta zo da shi daga makarantar unguwarmu ne. Ina so a fahimce ni da kyau a nan, ba ina haɗa karatun Alƙur'ani da kiɗa ba, ita ma ba ta yarda a haɗa. Horon kunne kawai nake nufi. Yarinyar da aka koya wa tun tana shekara bakwai cewa wannan ja biyu ne, wancan huɗu, wancan shida, aka sa ta ƙirga da yatsu, aka mayar da ita baya duk lokacin da ta rage ko ta ƙara, ba za ta rikice ba don an ce mata wannan ɗigon rabin wancan ne. Kuma ta saba ta ji abu daga bakin malam ta riƙe shi ba tare da takarda ba. A horon kunne ba ta taɓa shan wahala ba.

Inda ta sha wahala shi ne haɗa muryoyi huɗu. Za a ba su muryar sama, su ƙirƙiro sauran ukun bisa ƙa'idojin da aka ciro daga waƙoƙin cocin Bach, Bajamushen nan da ya rasu tun 1750. Akwai tazarar da aka hana murya biyu su yi tafiya tare a kanta, akwai sautin da dole ya hau, akwai wanda dole ya sauka. Ka gyara wannan, wancan ya ɓaci. Na sha dawowa da yamma in tarar da katifata cike da ɓurɓushin abin goge fensir. Wani dare ta jefar da fensirin ta ce, "Yaya, mutumin nan fa ya mutu shekara kusan ɗari uku, amma shi ne ya hana ni barci." Na ce ta yi haƙuri, mu ma a makarantar aikin jarida wasu matattun Turawan ne suka hana mu. Abin da ke sanyaya mata rai shi ne labarin Amu. Ya san waɗannan ƙa'idoji sarai, ya kuma rubuta waƙoƙinsa yadda za su bi hawa da saukar harshen Tuwi da na Ewe ko da Bach bai yarda ba. Shi ne mutumin da ya hau mumbarin coci da zanen gargajiya a Akropong a farkon shekarun 1930, abin da ya jawo ya rasa aikinsa a can.

Da la'asar sai kiɗan ƙungiya. Nan babu takarda babu fensir, tsakar fili ne da ganguna da gumi. Suna koyon adowa da kete na Asante, kpanlogo na samarin Ga, agbadza na Ewe, da gyil, katako goma sha huɗu a jere bisa ƙorai, daga arewa maso yamma. Makonni biyu cur aka ajiye ta a kan ƙararrawar ƙarfe ta agbadza, bugu bakwai cikin ƙirga goma sha biyu, ba ƙari ba ragi, yayin da ganguna ke yawo a kewaye da ita suna neman su ja ta. Ta dawo ranar farko da fushi, wai an ba ta aikin yara. Mako na biyu ta daina faɗin haka, don ta ga yadda wani ya yi sakaci da ƙararrawar daƙiƙa biyu mutum goma sha biyar suka watse. Daga nan komai na ɗakinmu ya zama ƙararrawa: murfin tukunya, bokiti, cokali, bayan kujerar trotro. Har firijinmu bai tsira ba. Wai yana kuka ne dab da sautin da suke kira G, saboda wutar Gana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Na ce to madalla, aƙalla akwai mai riƙe murya ɗaya a gidan nan.

Maganar kuɗi gajeriya ce, don kuɗin ma gajere ne. Abokan karatunta suna samun na kashewa ranar Lahadi, wannan yana buga fiyano a coci, wancan yana jagorantar mawaƙa. Ita wannan ƙofa ba tata ba ce. Ranar Asabar take zagaya gidaje uku a unguwar masu hali ta gabashin Legon tana koya wa yara fiyano, yaran da ke da fiyano mai maballai 88 a falo suna kuka don an ce su taɓa shi. Abin da ta samu shi ne kuɗin kwafin takardu da na waakye a makaranta, wato shinkafa da wakenmu da aka dafa da karan dafi, har sunan ma namu ne aka lanƙwasa. Cikin Oktoba aka yi auren 'yar gwaggonmu a Nima. Ta zo ana gab da kai amarya, da jakar makaranta a kafaɗa, sai wata gwaggo ta kama hannunta ta ce, "Ga mai digirin waƙa ta iso, a ba ta lasifika ta ɗan rera mana." Aka yi dariya. Auta ba mawaƙiya ba ce, muryarta ma ƙarama ce. Ta yi murmushi ta ce maƙogwaronta na ciwo. A mota muna komawa ba ta ce uffan ba, yatsunta dai suna tafiya a kan gwiwa.

Akwai kuma jerin kiɗe-kiɗen da za a sako musu a jarrabawa su faɗi mai shi da zamaninsa. Wani dare an ɗauke wuta, muna kwance a duhu, ta sa mini kunne ɗaya na hedifon ta riƙe ɗaya. Ta ce wannan na Vivaldi ne, mutumin Banis ta Italiya, an buga shi a 1725, kashi huɗu ne bisa lokutan shekara, wannan kuma shi ne na kaka. Ta yi ta nuna mini: nan manoma ne ke rawa sun gama girbi, nan sun yi tatul barci ya kwashe su, nan kuma gari ya waye an fita farauta da karnuka. Na ce mata ai wannan kakar kakanmu ce, dambe kawai aka manta. Washegari na sako minti ɗaya daga ciki a shirina ban ce komai ba. Ba a jima ba wani dattijo ya bugo waya daga Ashaiman yana tambaya wane mai goge ne wannan, kuma ɗan wane gari ne, don hannunsa na da sauri amma bai cika daɗin kuka ba.

Aikin da ya fi cin ranta a zangon shi ne ɗan binciken da aka ce kowa ya yi kan wani kiɗa da ke raye a unguwarsa. Ta fara da ɗakin adana sauti na Cibiyar Nazarin Afirka, wanda ke ɗauke da sunan Farfesa Nketia. Shi kansa a watan Maris na shekarar ya rasu yana da shekara 97, ya bar faya-fayan da ya yi ta ɗauka ƙauye-ƙauye tun shekarun 1950. A can ta ji labarin Salisu Mahama, Badagombe gwanin goge, wanda su ke kira gonje, da ya koyar a nan Legon a shekarun 1970. Ta dawo gida tana ta maimaita sunan. Ba ta faɗa ba, amma na san abin da ya taɓa ta: ashe an taɓa yin mai irin sunanmu a wannan wuri.

Daga ƙarshe kalangu ta zaɓa. Akwai wani tsoho a Madina da ke yi wa mahauta kiɗa, kamar yadda ubansa ya yi. Ni na raka ta ranar farko, muka tafi da goro. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "'Yar gidan wa?" Ta faɗa. "Gidanku akwai makaɗi?" Ta ce babu, Baba. "To ni ubana ne ya tilasta ni, da bulala ma. Ke wa ya tilasta ki?" Ta ce ba kowa. Ya yi dariya har da tari, ya ce to taki ta fi tawa wuya, don ni ina da wanda zan ɗora wa laifi. 'Ya'yansa maza biyu ne, ɗaya yana tuƙa tasi, ɗaya ya bi hamada neman Turai, ba wanda ya ɗauki kalangun. Bukukuwan ma yanzu yaro ɗaya da kwamfuta da manyan lasifika ya ishe su.

Ya buga mata taken wani sarkin fawa da ya daɗe da rasuwa, ta ɗauka a waya. Daƙiƙa 40 ne. Dare biyar ta yi tana rubuta shi, tana mayar da sautin baya, tana rage masa gudu, tana gogewa. Kalangu magana yake yi, kowa ya san haka, amma sai ka zo rubutawa kake gane yadda yake yinta. Harshenmu yana hawa yana sauka, shi ya sa wuyan riga da wuyar aiki ba ɗaya ba ne a kunne ko da rubutunsu ɗaya, haka kukan yaro da kukar miya. Makaɗi yana matse igiyoyin kalangu a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka yake kiran suna. Da ta gama ta koma wurinsa da takardarta da sarewarta, ta busa masa abin da ta rubuta. Ya rufe ido ya saurara har ƙarshe, ya ce ta sake. Ta sake. Sannan ya ce, "'Yata, kin kawo bugun duka, ko ɗaya bai faɗi a hanya ba. Amma bai kira kowa ba."

Ta yi kwana biyu tana juya maganar. Abin da ta gano shi ne layuka biyar ɗin nan matakala ce, ko kana kan wannan mataki ko kana kan wancan. Kalangu kuwa ba ya taka matakala, zamewa yake yi, kuma sunan mutumin yana cikin zamewar ne, a tsakanin ɗigo da ɗigo, inda takarda ta bar fili. Sai ta ƙirƙiro 'yan alamunta, layuka masu lanƙwasa sama da ƙasa, ta rubuta kalmomin taken a ƙarƙashi da alamar hawa da sauka irin ta masu nazarin harshe, ta kuma koyi janye yatsa a hankali daga bakin hudar sarewa don sautin ya zame maimakon ya yi tsalle. Zuwa na uku tsohon bai yaba ba, bai kushe ba. Ya ce kawai, "Yanzu ya waiwayo." Ni dai ban yarda takarda za ta ceci kalangun Madina ba, shi ma ban ga alamar ya yarda ba. Amma daga ranar ya fara ajiye mata kujera ranar Alhamis, yana tuno take-taken da ya ce rabonsa da su tun ubansa na da rai.

Maulidi ya faɗo wajen 10 ga Nuwamba, Zango ya cika da baƙi da lasifika har tsakar dare, ita kuma tana tsakiyar ƙananan jarrabawa. Ana gama wannan zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita kwana huɗu. Rana ta uku na shigo na same ta a kwance, ido rufe, jiki kamar garwashi, ta kama sarewar a ƙirji tana motsa yatsu ba ta busawa. Na karɓe na sa a kan kwaba. Mma ta bugo waya, tambayarta ɗaya ce kullum, "Tana cin abinci kuwa?" Sai a ƙarshe ta rage murya ta ce Baba ya tambaya yaushe ne jarrabawar. Ban gaya wa Auta wannan ba sai da ta warke.

Ƙarshen Nuwamba iska ta fara juyawa. Hunturu abokin makaɗi ne, fatar ganga takan ɗame ta yi murya, amma maƙiyin mai sarewa ne. Gora na iya tsagewa, leɓe ma haka. Kwalbar man kaɗanya ɗaya ta raba tsakanin bakinta da sarewar. Gari kuma ya ɗauki zafi ta wani ɓangaren, domin 2019 ce shekarar da gwamnati ta gayyato baƙaƙen fatar Amurka da sauran wurare su dawo ganin gida, shekara 400 bayan 1619, kowane otel yana neman masu kiɗan gargajiya. Wasu 'yan ajinsu suna wasa har ƙarfe biyu na dare su shigo jarrabawa da safe da jan ido. An yi mata tayi sau biyu, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne a wurinmu. Ta ƙi. Ta ce hoto ɗaya ya isa Kumasi a ce an gan ta a otel da dare, maganar Baffa ta tabbata.

Jarrabawar busa a farkon Disamba aka yi, minti goma gaban malamai uku. Ina kan iska a lokacin, ina karanta sanarwar ɗaurin aure ina kallon agogon bango. Da na fito na ga saƙonta, kalma biyu: "Na gama." Da na dawo gida na same ta tana barci da takalmi a ƙafa, ba ta tashi ba sai washegari da hantsi. Daga baya ta ce a tsakiyar kiɗa na biyu numfashi ya yanke mata ta sha iska inda bai kamata ba, ɗaya daga malaman ya yi rubutu, ba ta san ko a kan wannan ne ba. Na ƙarshe taken sarkin fawa ta busa, bayan ta yi musu bayanin alamunta.

Muka tafi Kumasi ana saura 'yan kwanaki shekara ta ƙare, sakamako bai fito ba. Dare na biyu bayan isha'i Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa ya ce ta kawo abin ya gani. Ta kwance tsumman ta miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ta, ya leƙa cikin, ya ƙirga hudojin da babban yatsa, ya tambayi nawa aka saya. Bai ce ta busa ba. Ya tambaya wane makaɗi ne aka ce tana zuwa wurinsa a Madina, ta kwatanta masa. Ya yi shiru, sannan ya ce ai uban wannan shi ya yi kiɗa a auren Baffanku, mutum ne mai kunya, ba ya roƙo sai an ba shi. Baffa yana gefe a kan buzu yana jan carbi, bai ɗago ba. Baba ya miƙa mata sarewar ya ce ta naɗe ta da kyau iskar nan ba ta da kirki, kuma kafin mu koma ta rubuto masa kuɗin zango na biyu a takarda, shi ba ya gane lissafin waya.